Yadda nake zaɓar babban suwic ba tare da na karya aljihun mai gida ba

Ranar da babban suwic ɗinmu, na'urar da ke haɗa kwamfutocinmu su yi magana da juna, ya mutu, ƙarfe bakwai saura ne na safe, cikin watan Maris, ɗalibai sun riga sun yi layi a bakin ƙofa. Jarrabawar gwaji muka shirya wa 'yan sakandaren ƙauyukan da ke kewaye da mu, don hannunsu ya saba kafin ta JAMB ta zo. Kwamfutoci suka tashi ɗaya bayan ɗaya, amma ko guda ba ta ga saba ba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da tambayoyin. Na shiga ɗan ɗakin na'urori, sai na ji tsit. Shirun nan ne ya fara kaɗa mini hanji, don tun ranar da na sayo wannan suwic yake kuka kamar injin niƙa. Na taɓa shi, da sauran ɗumi. Na haska bayansa da fitilar waya, fankokin duk sun toshe da ƙurar hunturu, ta daskare kamar an shafa musu laka.

Alhaji mai cibiyar ya leƙo, ya dube ni ya dubi suwic.

"Malam, ba wannan ne ka ce irin na banki ba?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"To, bankin ya rufe ke nan."

Ni ke kula da kwamfutocin wata cibiyar jarrabawa a wani gari cikin ƙasar Ringim. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, irin waɗannan cibiyoyi suka yi ta buɗewa har a garuruwan da wuta ke zuwa musu kamar baƙo. Tamu tana da kwamfuta 275, da kyamarori 16, da ɗan ofis a wani gini daban inda ake buga takardu ana yi wa mutane rajista. A ranar nan mun tsira da kyar: ni da yaron da nake koya wa aiki muka ɗaure ƙananan suwic ɗin, wannan a bayan wancan kamar raƙuman fatake, aka fara jarrabawa ƙarfe goma da rabi. Laifin nawa ne, ba na kowa ba. Na je birni na ga ƙaton ƙarfe na hannu mai babban suna, an ce mini daga wani kamfani a Turai aka cire shi, kuɗinsa kuma bai kai rabin sabo ba, na rungumo. Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da nake yi tun daga lokacin, idan an kira ni in zaɓa wa makaranta ko asibitin karkara ko cibiya irin tamu.

Ga wanda bai sani ba: ƙananan suwic su ne waɗanda kwamfutoci ke shiga kai tsaye, shi kuwa babba shi ne mahaɗar da duk ƙananan suke komawa, tare da saba da rauta, na'urar da ke haɗa mu da intanet. Idan ƙarami ya mutu, layi biyu na ɗalibai ne za su tsaya. Idan babba ya mutu, kowa ya tsaya.

Kafin ka tambayi kuɗin komai, ɗauki takarda da biro ka ƙirga wayoyin da za su shiga babban suwic ɗin. Ba yawan kwamfutoci za ka ƙirga ba, nan ne mutane ke ruɗewa. Mu kwamfuta 275 muke da su. Idan ƙananan suwic ɗinka masu kafa 48 ne (kafa ita ce ramin da ake cusa waya), guda 6 sun isa, wato waya 6 ce za ta hau sama. Idan masu kafa 24 ne, sai 12. Ƙara ɗaya ta saba, ɗaya ta rauta, ɗaya ta suwic ɗin kyamarori, ɗaya ta ginin ofis. Ka ga a lissafin farko kafa 10 muke buƙata, a na biyu 16. Sai ka bar rarar kafa uku ko huɗu, don mai gida ba zai gaya maka yana shirin ƙara ɗaki ba sai ranar da aka kawo bulo. Ni da na ɗauko mai kafa 48 na kafa shi a tsakiya, kafa talatin da wani abu ba su taɓa ganin waya ba har ya mutu, amma wuta suna cinta.

Sai batun gudu. Da gigabit ake auna shi, megabit dubu ke yin gigabit 1. Kafa ta yau da kullum gigabit 1 ce, su kuma kafofin da ake kira SFP+, waɗanda ake cusa wa ƙaramar na'ura kafin a sa waya, gigabit 10. Masu sayarwa za su ce maka sai 10. Ni na zauna na auna a ranar jarrabawa, zaure cike, wayar saba ba ta ko yi kusa da cika gigabit 1 ba, don tambayoyi rubutu ne da 'yan hotuna. Kyamarorinmu kowace tana jan kamar megabit 4 zuwa 6, duka 16 ba su kai 100 ba. Inda gigabit 10 ke da rana shi ne ranar da za ka zuba manhaja a kwamfutoci ɗari biyu lokaci guda daga saba, ko idan makarantar tana da darussan bidiyo. Saboda haka hukuncina shi ne: kafar saba ta zama 10 idan da hali, sauran su jira. Amma ka sayi suwic mai kafofin SFP+ ko da guda biyu ne, don ramin yana karɓar ƙaramar na'urar gigabit 1 yau, gobe ka sauya ta da ta 10 ba tare da ka sauya suwic ba.

Akwai lambar da suke rubutawa a kwali, ƙarfin da suwic ke iya ɗauka gaba ɗaya. Lissafinta ba wuya. Mai kafa 24 na gigabit 1 da kafa 4 na gigabit 10, ka tara ka samu 64, ka ninka biyu don shiga da fita, 128 ke nan. Idan takardarsa ta rubuta 128, to duk kafofin za su iya gudu tare babu mai jiran wani. Idan ta rubuta ƙasa da haka, ajiye shi.

Yanzu ga inda na fi daɗewa, don nan ne bambancinmu da mutanen Legas da Abuja masu ɗakin sanyi: wuta, zafi, ƙura.

Bayan mutuwar wancan, na aro ma'aunin wuta na auna wani ɗan'uwansa da ke wurin abokina. Yana zaune ba ya komai, wat 130 yake sha. Ninka da awa 24, ya haura kilowat-awa 3 a rana. Batirin inbata mai 200Ah a bolt 12 kilowat-awa 2.4 ne a takarda, kuma idan na ruwa ne rabi kawai za ka sha in kana son ya yi maka shekaru. Wato suwic ɗaya tak yana cinye abin da ya fi batir biyu da rabi kullum. Watanni na yi ina zargin mai haɗa mana sola da cewa ya kawo batura marasa kyau, ashe ɓarawon yana cikin gida. Wanda muke amfani da shi yanzu bai wuce wat 20 ba, bai kai rabin kilowat-awa a rana ba. Duk wanda zai faɗa maka kuɗin suwic bai faɗa maka wutar da yake sha ba, rabin kuɗin ya faɗa.

Zafi kuma, wanda ya san watan Afrilu a Jigawa ba sai an yi masa bayani ba. Waje ya haura digiri 40, ɗakin kwano da ba taga ya fi haka. Duba takardar suwic ɗin ka ga zafin da aka yarda ya yi aiki a ciki. Da yawa daga manyan nan iyakarsu 45, don an ƙera su ne da tunanin na'urar sanyaya ɗaki ba ta ɗaukewa. Wasu ƙanana an gwada su har 60. Ni yanzu na fi son marar fanka, wanda jikinsa na ƙarfe ke fitar da zafi. Abin da ba ya juyi ba ya tsayawa, kuma ba ya zuƙo ƙura ciki. Idan dole sai mai fanka, to ka sa a ranka kowane wata za ka bi shi da abin hura iska, daga Nuwamba zuwa Maris kuwa kowane mako biyu.

Wani abin da na koya a makare: wasu ƙananan suwic suna karɓar wutar batir kai tsaye, ba sai ta bi ta inbata ba. Idan inbata ta yi gardama, suwic yana nan a kunne. Ka dai duba iyakar bolt ɗin da aka rubuta, ka tuna batir mai caji yana haura lambar da ke jikinsa.

Suwic ɗin da ba a iya shiga cikinsa a saita shi, kada ka sa shi a tsakiya, komai arharsa. Dalili na farko VLAN ne, wato raba hanya ɗaya gida-gida: ta jarrabawa daban, ta kyamara daban, ta ofis daban, don kada filashin da wani ya kawo a buga masa takarda ya sa wa kwamfutocin jarrabawa cuta. Dalili na biyu ya faru a gabana. Wata rana mai shara ya ga waya tana reto, don kirki sai ya cusa bakinta a wata kafa, alhali ɗaya bakin yana cikin suwic ɗin. Cikin daƙiƙu fitilu duka suka kama ƙiftawa tare kamar an yi musu kiɗa, komai ya tsaya cak. Saƙo ne ke zagaye ba ya ƙarewa. Maganinsa RSTP, tsarin da ke toshe irin wannan zagaye, kuma duk suwic na kirki yana da shi, amma sai ka kunna, sannan ka gaya wa babban cewa shi ne shugaba. Lambar da suke zuwa da ita daga kamfani 32768 ce. Ka mayar da ta babban 4096, don mafi ƙarancin lamba shi ke jan ragama. In ba ka yi ba, wani tsohon suwic a lungun zaure zai iya naɗa kansa sarki. Na uku LACP, mai haɗa waya biyu su zama hanya ɗaya, idan ɓera ya ci ɗaya ɗayar ta riƙe. Waɗannan ukun su nake nema. Sauran dogon jerin da ke bayan kwali, yawancinsa ba za ka taɓa buɗe shi ba.

Za a tambaye ka ko kana son mai mataki na uku, wato wanda ke iya aikin rauta tsakanin VLAN da VLAN. Tambayi kanka kaya nawa ne ke tsallakawa daga wannan gida zuwa wancan. A wurinmu kusan babu, kwamfutocin jarrabawa da sabarsu gida ɗaya suke, don haka rauta ta isa. Idan asibiti ne mai sassa da yawa duk suna zuwa saba ɗaya, to nan yana da amfani.

Bari in kama suna, don na san abin da ake jira ke nan. A sababbi masu sauƙin kuɗi, MikroTik na ƙasar Latbiya su na fi taɓawa. CRS326-24G-2S+RM yana da kafa 24 na gigabit 1 da SFP+ guda 2, ba fanka, kuma kuɗinsa a wurin kamfani bai kai dala 300 ba. CRS309-1G-8S+IN kafofin SFP+ guda 8 ne, shi ma ba fanka. Idan kana son 16, akwai CRS317-1G-16S+RM, mai gidan wuta biyu, amma shi yana da fanka. Sai dai MikroTik yana da hali: ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce, ƙarfinsa yana cikin wani guntu na daban (cif) da ke aikin suwic. Idan ka saita shi ba daidai ba, misali ka buɗe gada (saitin da ke haɗa kafofi wuri guda) biyu ko uku maimakon gada ɗaya mai tace VLAN, kaya za su koma bi ta ƙwaƙwalwa, sai ka ga suwic na gigabit 10 yana rarrafe. Aikin mataki na uku a cikin guntun kuwa sai daga RouterOS 7, wato fitowa ta bakwai ta manhajar MikroTik. Wanda ba shi da haƙurin karatu, TP-Link sun fi sauƙin saiti. TL-SG3428X yana da kafa 24 da SFP+ guda 4, ta shafin burauza za ka gama komai. Ubiquiti ma suna da masu kyau, sai dai suna son manhajarsu ta kula da su, ka tabbata kana da inda za ta zauna.

Na hannu fa? Ban haramta ba. Cisco Catalyst 3750-X da 3850 da 2960-X sun cika kasuwa, daga kasuwar Kwamfuta Bileji ta Ikeja a Legas har shagunan Kano, ƙarfe ne mai ƙwari, kuma wanda ya yi karatun CCNA, kwas ɗin kamfanin Cisco, zai ji kamar a gida yake. Amma ka sani 3750-X kamfanin ya daina tallafa masa tun 2021, babu sabon gyaran tsaro da zai zo. Sababbin 9300 kuwa da kuɗin lasisi ake sayensu, wannan ba layinmu ba ne. Idan kana da ɗaki mai sanyi da wuta tsayayya, na hannu zai yi maka. Idan irin ɗakina gare ka, ka yi lissafin batir ɗin nan tukuna.

In ka yanke shawarar na hannu, kada ka aika direba ya karɓo. Hau mota da kanka, da laftof da wayar konsol, wadda ake shiga cikin suwic da ita, a jaka. Ka ce a kunna a gabanka, ka kalli rubutun da yake fitarwa yana tashi, nan yake tona asirin kansa idan fanka ko gidan wuta na da matsala. Tabbatar babu kalmar sirrin tsohon mai shi. Gwada lambar da ke jikin ƙarfe da wadda ke cikin manhaja, su zo ɗaya, don akwai jabu. Sannan ka ɗauki waya ɗaya ka bi kafofin kaf, ɗaya bayan ɗaya, kana duba kowace ta hau gigabit 1, ba megabit 100 ba. Mai shago zai ce, "Haba Oga, ai duk lafiya suke, sauri nake." Ka ce masa kai ma daga nesa ka zo. Na taɓa samun kafa huɗu a jere matattu a suwic ɗin da aka rantse mini a kansa, alamar tsawa ta taɓa bi ta wurin. Bar shi a kunne ko awa ɗaya ce, ka je ka yi salla ka ci abinci ka dawo ka taɓa jikinsa. Kuma ka nemi a rubuta maka a rasit kwana nawa za ka iya dawo da shi.

Ƙananan na'urorin da ake cusawa a ramin SFP su ma a gwada su a shagon. Wasu manyan kamfanoni suwic ɗinsu ba ya karɓar na wani sai ka ba shi umarni na musamman, wani ma ko da umarnin sai ya ƙi. Idan saba da suwic a rak ɗaya suke, wato kantar ƙarfen da ake jera na'urori, sayi wayar DAC, gajeriyar wayar da ke shiga ramin SFP+ kai tsaye, ta fi arha kuma ba ta zafi. Ka guji 'yar na'urar da ke mayar da SFP+ kafar waya ta gigabit 10, zafinta sai ya ƙona yatsa, a suwic marar fanka kuwa masifa ce.

Tunda na ambaci tsawa: tsakanin gini da gini kada ka ja wayar jan ƙarfe, ko da tazarar ba ta kai mita 100 da aka iyakance mata ba. Damina ɗaya ta isa ta koya maka. Ja fayiba, gilashi ne, wuta ba ta bin sa. Mai zare siriri da ake kira singil-mod tana kai kilomita 10 da 'yar na'urar SFP irin LR, kuma yanzu ba ta da tsadar da ake tsoro. Ana sayar da wadda aka riga aka ɗaura wa kai, ba sai ka nemo mai injin haɗawa daga birni ba. Rak ɗin kuma a haɗa shi da sandar ƙasa ta gaske, wadda aka binne a wuri mai danshi, ba ƙusa a jikin bango ba.

To, ga abin da ya fi duk waɗannan, kuma shi ne na sha fama kafin Alhaji ya yarda. Da na kawo masa lissafin sabo, na rubuta guda biyu iri ɗaya.

"Malam, biyu kuma? Aure za su yi?"

"Ranka ya daɗe, motarka taya nawa gare ta?"

"Huɗu."

"Da ta cikin but fa?"

Ya yi dariya ya sa hannu. Kuɗin biyun a haɗe bai kai abin da zai biya a sabo ɗaya mai babban suna ba. Ai ba girin-girin ba, ta yi mai. Garanti abu ne mai kyau a takarda, amma ka tuna inda kake: kafin ka naɗe suwic ka kai tasha, ya isa Kano, ya wuce Legas, a duba a dawo da shi, an gama jarrabawa an fitar da sakamako. Garantin da na yarda da shi shi ne wanda ke cikin kabad.

Akwai hanyoyin haɗa biyun su yi aiki tare, idan ɗaya ya faɗi ɗayan ya ɗauka ba tare da an ji ba. Cisco suna da tasu, MikroTik ma suna da MLAG. Ni ban yi ba, da gangan. Tsawar da za ta kashe ɗaya za ta kashe na kusa da shi tunda a wuta ɗaya suke, kuma saitin da ni kaɗai na gane shi ba zai amfani kowa ba ranar da nake kwance da zazzaɓi. Na biyun yana cikin kwalinsa, a naɗe da leda saboda ƙura, ba a haɗe da komai ba. Na zuba masa saiti iri ɗaya da na farko. Duk ranar da na sauya wani abu a na sama, wato mai aiki a rak, a ranar nake sauya shi a na kabad, in adana kwafin saitin a filashi biyu, ɗaya a ofis ɗaya a gida, in kuma buga shi a takarda. Kowace waya tana da lamba a wuyanta da ta yi daidai da lambar kafarta, da tef ɗin takarda da maka na rubuta, ba wani abin kuɗi ba.

Asabar ɗin farko ta kowane wata, bayan mun hure ƙura, nakan zare wutar na sama ba tare da na yi magana ba, in koma gefe in duba agogo. Karon farko yaron nan ya yi minti 25, har da sa wayar saba a kafar kyamara. Watan jiya minti 6 ya yi. Wanda ya sauko sai ya shiga leda ya koma kabad, wanda ya hau ya ci gaba da aiki har wata mai zuwa, ta haka na san duka biyun suna da rai.

Shi kuwa na bankin yana nan. Nauyinsa ya yi daidai da tokare ƙofar ɗakin janareta idan iskar bazara ta taso.